Zowantid ɗina sun rufe kwana goma, wasu sun fara narkewa: ina matsalar take?

SabonMaiTanki

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana murjani. Tankin ruwan gishiri ne, lita 200, wata takwas da kafawa. A ciki akwai gungun zowantid bakwai (zowa a taƙaice, ƙananan dangin murjani masu laushi da ke tsirowa kawuna-kawuna, kowane kai da geza a bakinsa), murjani mai laushi irin Sarcophyton guda ɗaya, kifin kilawun biyu, jatan lande ɗaya da 'yan dodon koɗi masu cin gansakuka.

Yau kwana goma gungu uku da ke ɓangaren dama sun dunƙule, ko da rana ba sa buɗewa. Ɗaya daga cikinsu kawunansa sai ƙanƙancewa suke yi, biyu ma sun narke, dutse kawai ya rage a wurin. Sauran huɗun suna buɗewa amma rabi-rabi, gezarsu ta gajarce, launin ya koɗe. Sannan akwai wata yana mai ruwan ƙasa da ke kwanciya a kan yashi da kan wasu kawunan, da 'yan kumfa a jikinta. Da safe ba ta da yawa, da rana sai ta dawo.

Awon ruwa: gishiri 1.025 da haidiromita mai allura, ɗumi digiri 26, alkaliniti (ƙarfin ruwa na riƙe pH ɗinsa) 10.5 dKH, kalsiyam 430, magnesiyam 1300, pH 7.9, amoniya 0, naitiret 0, fosfet 0.

Abubuwan da suka canza cikin wata guda: na cire fitilar T5 na sa LED, tana ci da cikakken ƙarfi awa 12. Na ƙara sabon yankin zowa ɗaya a ɓangaren dama, ban tsoma shi a magani ba. Na sa GFO, garin da ke shanye fosfet daga ruwa, saboda gansakuka. Ina kuma zuba hodar ɗaga pH kowace safiya. Shin in canza rabin ruwan in tsoma su duka a haidirojin feroksaid? Na gode.

Malam_Murjani

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka canza rabin ruwan, kada kuma ka tsoma su duka a feroksaid. Tankin nan ya sha canji huɗu cikin wata ɗaya, na biyar ba zai gyara shi ba.

Fara da kallon yadda rufewar ta kasu. Idan ruwa ne ko haske, duk gungun da ke tankin za su ji, ko da wani ya fi wani. Idan kuwa gungu uku da ke kusa da juna ne suka rufe ruf, sauran suna buɗewa, to akwai abin da ke taɓa waɗannan ukun da jiki: ko ƙwaro, ko cuta, ko maƙwabci mai harbi. Bayaninka ya nuna duka biyun suna nan. Huɗun da suka koɗe ruwa da fitila ne ke damun su. Ukun da ke kusa da sabon yankin da ba ka tsoma ba, wannan na bar wa masu sanin ƙwari, ni bari in yi maganar ruwa.

Naitiret 0 da fosfet 0 ba tsafta ba ce, yunwa ce. A cikin naman zowa akwai wasu ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da ake kira zuzanteli. Su ke amfani da haske su haɗa sukari su ciyar da murjanin, amma ba sa rayuwa da haske kaɗai, suna buƙatar naitirojin da fosfaras kamar kowace shuka. Ka ƙara musu haske ninki, ka kuma janye musu fosfet da GFO a lokaci guda. Dole su ragu, murjanin ya koɗe ya tsuke. Zowa sun fi son ruwa mai ɗan abinci a ciki: naitiret tsakanin 5 da 15 ppm, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1. Cire GFO ɗin yau. Aikinsa kama fosfet, kai kuma ba ka da fosfet ɗin da za a kama.

Yanar da ka ce tana raguwa da dare ta dawo da rana, da kumfa a jikinta, ta yi kama da dainofilajelet, waɗanda aka fi sani da daino. Sun fi ɓullowa daidai lokacin da naitiret da fosfet suka faɗi ƙasa warwas, domin sauran ƙananan halittun da ke gasa da su sun mutu da yunwa sun bar musu fili. Akwai gwaji mai sauƙi. Zuƙo yanar da ruwan tanki cikin kwalba, girgiza sosai har ta watse, tace da takardar goge hannu cikin kofin gilashi, ajiye ruwan a haske awa ɗaya ko biyu. Idan ta sake haɗuwa ta zama zare-zare ko dunƙule, daino ce. Dayatom kuwa, wata gansakuka mai ruwan ƙasa, kamar ƙura take, ba ta yauƙi, ba ta sake haɗuwa. Sayano, yanar da bakteriya ke yi, ja ce ko shunayya, tana ɓantarowa kamar ɓawo.

Hodar ɗaga pH ma ka daina. Ba pH kaɗai take ɗagawa ba, alkaliniti take tarawa, pH ɗin ya koma inda yake bayan 'yan awanni, alkaliniti kuwa ya zauna. Haka ka kai 10.5. Ita 7.9 ba matsala ba ce, tankuna da yawa suna tafiya lafiya tsakanin 7.8 da 8.3. Abin da ke danne pH a ɗaki galibi iskar kabon dayoksaid ce da mutane ke fitarwa, maganinta buɗe taga ko jawo wa sikima, na'urar da ke fitar da datti da kumfa, iska daga waje da siririn tiyo. Alkaliniti 10.5 shi kaɗai ba ya kashe zowa, abin da suka ƙi shi ne hawa da sauka. Bar shi ya sauko da kansa zuwa 8 ko 9. Tunda ba ka da murjani masu ƙashi, zai ɗauki lokaci, kada ka yi masa gaggawa da wani sinadari.

Fitila: idon mutum ba ya ganin ƙarfin shuɗin haske yadda yake, shi ya sa LED ke yaudara, ka ga kamar ba ta kai T5 ba alhali ta fi ta. Yawancin zowa suna jin daɗi a PAR 75 zuwa 150, wato awon ƙarfin hasken da ke isa gare su. Idan haske ya yi kaɗan za ka ga wuyansu ya yi tsawo suna miƙewa sama, launi ya koma ruwan ƙasa. Idan ya yi yawa sai su gajarce, su manne da dutse, su koɗe, wani lokaci su buɗe da safe su rufe tsakar rana. Naka na biyun ne. Rage ƙarfin zuwa kashi 50 cikin ɗari, awa 8 zuwa 9, ka bar shi haka mako biyu, sannan ka riƙa ƙara kashi 5 kowane mako idan da buƙata. Idan za ka samu aron na'urar auna PAR, ya fi duk wani kintace.

Sai haidiromitar nan mai allura. Ban yarda da ita ba. Gishiri na daskarewa a jikin allurar, kumfa na maƙalewa, sai ta ba ka lambar da ta ga dama. Nemi rifraktomita, na'urar auna gishiri ta hanyar haske, ka daidaita ta da ruwan gwaji na 35 ppt, wato gishiri kashi 35 cikin dubu, ba da tataccen ruwa ba, ka sake aunawa ka gaya mana. Ka kuma tabbatar ruwan da kake cike gurbin wanda ya tashi da shi tataccen ruwan RO/DI ne marar gishiri, domin ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan.

UwarZowa

Malam Murjani ya gama da ruwa, ba abin da zan ƙara sai abu ɗaya: duba ko famfo yana buga ukun nan kai tsaye, ko kuma suna lungun da ruwa ba ya motsi. Zowa na son ruwa ya riƙa kaɗa gezarsu a hankali. Inda ruwa ya tsaya datti na taruwa tsakanin kawuna, ya ruɓe, shimfiɗar da ke haɗa su ta fara ciwo.

Amma ni hankalina na kan sabon yankin nan. Malam Sabo, yau da dare, awa ɗaya ko biyu bayan fitila ta mutu, ɗauki tocila mai shuɗin haske da gilashin ƙara girma ka duba wuyan kowane kai da gindinsa. Ga waɗanda za ka nema.

Na farko kuma wanda na fi zargi, nudibiranki mai cin zowa. Kamar dodon koɗi yake marar kwanso, daga milimita biyu zuwa kusan santimita ɗaya, bayansa cike da 'yan tsinkaye masu laushi. Wahalarsa ita ce yana ɗaukar launin abin da ya ci. Idan zowa mai lemo ya ci, tsinkayen bayansa su yi lemo, ya kwanta a kan rufaffen kai ka rantse geza ce ta leƙo. Dabara ita ce ka fesa wa gungun ruwa da sirinji har duk kawunan su rufe. Duk abin da ya rage yana ƙyalli da kamar geza a kan rufaffen kai, ba geza ba ce. Ƙwansa farare ne, a nannaɗe kamar ɗan gammo, manne a wuyan zowa ko a ƙarƙashin fulog ɗin da aka manna yankin a kai.

Na biyu, dodon koɗi na jinsin Heliacus. Kwansonsa zagayayye ne, ɗan faifai, da zane baƙi da fari kamar dara, murfin bakinsa mai tsini. Da rana yana cusa kansa tsakanin kawuna, da dare ya fito ya tsotse su. Shi mai sauƙi ne, da hantsaki ake cire shi.

Na uku, gizo-gizon teku, mai ƙafa takwas sirara, launinsa kusan na naman zowa, ba ya motsi da sauri. Shi ne mafi naci, domin yana iya shiga cikin kai ko ƙarƙashin shimfiɗa inda magani ba ya isa.

Sai cutar da ake kira ƙurajen zowa. Wasu ɗigo-ɗigo ne farare ko masu ɗan rawaya da ke fitowa a wuya, kan ya rufe, ya tsuke, ya mutu. Mutane na rikita su da ƙwan nudibiranki. Bambancin: ƙwai a saman fata yake, yana da siffar naɗi, idan ka kankare zai fita. Ƙurji a cikin fata yake, ba ya kankaruwa. Idan kuma Palythoa, 'yan uwan zowa, kake da su, kada ƙwayoyin yashi da ke jikinsu su ruɗe ka, su dama suna haɗa yashi cikin namansu. Maganin da aka saba yi wa ƙurajen shi ne wanka da naitirofurazon, wanda a da ake samu cikin maganin kifi Furan-2, minti 15 zuwa 20 a kofi daban, kwana uku a jere, a huta kwanaki, a sake idan ba su baje ba. Ba a zuba shi cikin babban tanki, zai taɓa ƙwayoyin da ke tace maka ruwa.

Kafin ka ɗora wa ƙwari laifi gaba ɗaya, duba maƙwabta. Aiptasia, wata 'yar halittar ruwa mai geza da ke harbi, guda ɗaya da ta ɓuya tsakanin kawuna ta isa ta rufe gungu. Haka dodon koɗi mai bututu, wato bametid, da ke sakin zaren majina yana kamun abinci, zaren na kwanciya a kan zowa ya hana su buɗewa. A fasa bututun daga tushe ko a toshe bakinsa da gam. Sarcophyton ɗinka ma yana sakin sinadarai a ruwa, musamman lokacin da yake saɓa, saboda haka sa sabon gawayin tacewa, ka wanke ƙurarsa kafin ka saka. Kifayenka ba abin zargi ba ne, sai dai idan kilawun sun mai da gungun wurin kwana suna goga jiki. Da kifin anjel kake da su, ko kifin batafilai, ko kifin rabit, da su zan fara tuhuma. Taurarin teku ƙanana irin Asterina da 'yan ƙwarin amfifod da za ka gani a kan kan da ke narkewa, sau da yawa gawa suka zo ci, ba su suka yi kisan ba, ko da yake wasu Asterina na cin mai rai.

Maganar feroksaid: yana da amfani, amma ga gansakuka da ta tsiro tsakanin kawuna. Na kashi 3 cikin ɗari, awo ɗaya a awo uku ko huɗu na ruwan tanki, minti biyu zuwa uku, a ɗauraye. Yana da zafi, kuma gungun da ya riga ya galabaita zai iya ƙarasawa. Ba shi ne maganin abin da ba ka gano ba tukuna.

Mai_Safar_Hannu

Kafin ka sa hannu ka fito da su, ɗan'uwa, a yi maganar dafi, domin an fara ba ka shawarar kankara da yanka.

Wasu daga cikin dangin nan, musamman Palythoa, suna ɗauke da falitoksin, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani a halittun ruwa. Richard Moore da Paul Scheuer na Jami'ar Hawai ne suka fara ware shi a 1971, daga Palythoa toxica da aka samo a tsibirin Mawi. Yadda yake aiki: a bangon ƙwayoyin jiki akwai famfon da ke fitar da sodiyam ya shigo da fotasiyam, dafin sai ya mai da shi ƙofa buɗaɗɗiya, ƙwayar ta rasa daidaito ta lalace. Ba shi da makari, a asibiti tallafa wa jiki kawai ake yi har ya wuce. Kuma ba a gane mai dafi da ido. Sunan da mai sayarwa ya laƙaba wa yankin ba hujja ba ce, ka ɗauke su duka a matsayin masu shi.

Ta hanya uku ya fi shiga: ta rauni a hannu, ta ido, da ta numfashi. Rufaffen kai cike yake da ruwa, idan ka matsa shi yana iya tsartuwa har fuska, kuma dafin na ƙona baƙin ido. Saboda haka safar hannu ta roba, tabarau mai rufe gefe da gefe, baki a rufe. Idan za ka kankare ƙwai ko ka yanka, yi a cikin roba da ruwa ya rufe gungun, ba a sarari ba. Kada ka taɓa tafasa dutsen da zowa ya zauna a kai, ko ka zuba masa ruwan zafi, ko ka goge shi da buroshin ƙarfe, ko ka bar shi ya bushe ka gurza. Zafi ba ya kashe dafin, tururi ne ma ke ɗaukarsa ya cika ɗaki, duk mai numfashi a gidan ya shaƙa, har yara da dabbobi.

Alamunsa: ɗaci ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, zazzaɓi, tari, ƙuncin ƙirji, ciwon tsoka, fitsari ya yi duhu. Idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai gudu minti 15 ko fiye, a tafi asibiti. Duk wanda ya ji numfashi na yi masa wuya bayan aikin tanki kada ya jira gari ya waye, kuma ya faɗa wa likita sunan dafin da abin da ya taɓa, domin ba kowane likita ne zai kawo murjani a ransa ba.

Bayan aiki, jiƙa kayan da abin da ka yanke a bilic, awo ɗaya a awo tara na ruwa, aƙalla rabin awa. Kada bilic ya haɗu da binega ko wani asid. Kayan da za su koma tanki a ɗauraye su sosai a shanya. Kuma idan yanar nan ta tabbata daino ce, a sani wasu irinta, wato Ostreopsis, suna yin dafi dangin wannan, saboda haka kada a ja tiyon zuƙo ruwa da baki.

SabonMaiTanki

Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Ga abin da na samu. Rifraktomita ta nuna 37 ppt, wato kusan 1.028. Da dare na ga nudibiranki huɗu a gungu biyu, da fararen naɗi guda shida, uku a ƙarƙashin fulog ɗin sabon yankin. Ban ga ƙuraje ba, ban ga gizo-gizo ba. Yanar ta sake haɗuwa a kofi bayan na tace. Na cire GFO, na daina hodar, na rage fitila. Gungu biyar a kan fulog suke, biyu sun bazu a kan babban dutse. Da wanne zan fara, kuma wane wanka ya fi?

UwarZowa

Da nudibirankin za ka fara, yau, domin su ke ci da rai. Huɗu ka gani, akwai ƙanana da ido bai kama ba, kuma kowannensu mace ne kuma namiji, duk biyun da suka haɗu za su saka ƙwai.

Fito da duka biyar ɗin da ke kan fulog, har waɗanda kake ganin lafiyarsu ƙalau. Shirya roba uku. Ta farko maganin wanka, ta biyu da ta uku ruwan tanki na ɗauraya. Magani ko dai na kwalba irin CoralRx ko Revive bisa awon da ke jikin kwalbar, ko aidin na Lugol, wanda aka saba sa wa kimanin ɗigo 10 a lita ɗaya na minti 5 zuwa 10, amma ƙarfinsa ya bambanta, bi abin da aka rubuta. Lokacin wankan riƙa fesa ruwan tsakanin kawuna da sirinji, shi ke kaɓe waɗanda suka suma. Farar roba ta fi, za ka ga abin da ya faɗo. Ruwan wanka ba ya komawa tanki ko ɗigo.

Akwai masu wanka da tataccen ruwa marar gishiri, minti uku zuwa biyar, da ɗumi daidai da na tanki, an kuma daidaita pH. Yana aiki, domin nudibiranki ba ya jure shi, zowa kuwa da yawansu a bakin gaɓa suke rayuwa inda ruwan sama ke dukansu idan teku ta janye. Ga lafiyayyun gungu ba laifi. Ga wanda ke narkewa ban so ba.

Abin da ke kayar da mutane: babu wankan da ke kashe ƙwan. Suna cikin wata majina da magani ba ya ratsawa. Da hannu ake cire su, da tsinken sakace ko gefen reza ko buroshin haƙori mai laushi, a ƙarƙashin ruwa kamar yadda Mai Safar Hannu ya ce. Fulog ɗin sabon yankin ma ka rabu da shi: zura reza ƙarƙashin shimfiɗar, ka ɗan haɗa da saman fulog ɗin don kada ka yanki nama, ka ɗora a sabo da gam mai kauri irin na sayanoakirilet. Sannan ka maimaita wanka da dubawa kowane kwana huɗu ko biyar har mako huɗu aƙalla, don ka kama sababbin ƙyanƙyasa kafin su isa saka nasu. Idan ka ga sabon naɗi a mako na uku, lissafi ya koma farko.

Gungun da ke narkewa, yanke ɓangaren da ya yi laushi ko yake wari, ka haɗa da kai ɗaya ko biyu masu lafiya da ke iyaka da shi, ka tsoma ragowar a aidin, ka ajiye inda ruwa ke wucewa sosai, nesa da sauran. Gara a ceci kai biyar da a rasa ashirin ana jira.

Biyun da ke kan dutse su ne matsala. Idan dutsen na fitowa, tsoma ɓangaren da zowa suke kawai, kada ka nutsar da shi duka a magani ka kashe abin da ke cikinsa. Idan ba ya fitowa, farauta ce kowane dare da sirinji da shuɗiyar tocila. Kifin ras irin Halichoeres chrysus ko Halichoeres melanurus na taimakawa, suna tsintar su, amma suna buƙatar yashi mai laushi da za su kwana a ciki da murfi a kan tanki saboda tsalle, kuma rage su suke yi, ba sa ƙarar da su. Mai layi shida, Pseudocheilinus hexataenia, shi ma yana ci, sai dai mafaɗaci ne, a lita 200 zai iya addabar duk kifin da ka kawo bayansa. Idan da hali, ƙaramin tankin killacewa na lita 20 ko 30 da hita da ɗan famfo da fitila ya fi duk wannan, kuma nan ne kowane sabon yanki ya kamata ya yi wata guda kafin ya ga babban tanki.

Malam_Murjani

Madalla. To ga lissafin gishiri. Tanki mai lita 200, idan aka cire duwatsu da yashi, ruwan bai fi lita 170 ba. Daga 37 zuwa 35, kusan lita 9 na ruwan tanki za ka musanya da tataccen ruwa. Kada ka yi a zama ɗaya. Lita 3 kowace rana, kwana uku, a zuba a hankali inda famfo ke kaɗawa, kana aunawa kafin kowane zubi. Wannan ma zai ɗan sauko da alkaliniti da kalsiyam tare.

Abinci kuma, fosfet ne farko. Idan ka zuba naitiret alhali fosfet na ƙasa, ƙananan halittun tankin za su yi amfani da shi su ƙarasa sauran fosfet ɗin, ka ƙara wa daino fili. Ƙara wa kifi abinci kaɗan, kashe sikima rabin yini, ka auna fosfet da na'ura mai karanta ƙananan lambobi irin ta Hanna, domin gwajin launi ba ya bambance 0 da 0.03. Da farko za ka ga lambar ta ƙi motsi, duwatsu da yashi ne ke shanye abin da ka ƙara har su ƙoshi. Idan mako ya wuce tana nan a 0, sai a zuba ruwan fosfet na kwalba, 0.02 ppm a rana. Bayan ta fara nunawa, idan naitiret bai taso ba, sodiyam naitiret mai tsabta: kusan kashi 73 cikin ɗari nasa naitiret ne, saboda haka giram 0.23 yana ɗaga lita 170 da 1 ppm. Ƙarin ppm ɗaya ko biyu a rana ya isa, har ka kai 5.

Dakatar da canjin ruwa na mako biyu ko uku, ban da musanyar gishirin nan, tunda daino kan ƙara ƙarfi bayan sabon ruwa, kuma canjin zai sake kwashe ɗan abincin da kake ƙoƙarin tarawa. Kullum da rana zuƙe yanar ta cikin jakar tacewa mai ƙananan ƙofofi ka mayar da ruwan, ka kuma busa wadda ke kan kawunan zowa da sirinji. Canza gawayi kowane mako. Idan ka samu madubin duba ƙwayoyi ka ga masu siffar ɗigon ruwa suna juyawa a wuri ɗaya kamar an ɗaure su da zare, Ostreopsis ne, suna tashi cikin ruwa da dare, fitilar UV mai kashe ƙwayoyi da ruwa ke ratsa ta a hankali tana kama su. Irin da ke lafewa cikin yashi UV ba ta isa gare su. Gansakuka kore za ta ɗan dawo idan abinci ya taso, ka bar ta, ita ke ture dainon.

Bayan kowane wanka zowa kan rufe kwana ɗaya zuwa uku, wannan ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne wuyan: idan yana da tauri da kumburi, shimfiɗa na manne da fulog, suna da rai ko da sun yi mako biyu a rufe. Idan wuyan ya sirance, ya yi laushi, shimfiɗa na ɗagowa, a yanke. Ɗauki hoto kowane kwana uku, lokaci ɗaya, da farin haske, ka rubuta awon ruwa kusa da shi. Idan mako huɗu suka wuce, ƙwari sun ƙare, lambobi sun daidaita, amma huɗun can ba su farfaɗo ba, duba maganaɗisun famfo da na goge gilashi ko robarsu ta fashe tsatsa na zuba, duba hita ko ta tsage, ka auna TDS, wato yawan abin da ya narke a ruwa, na tataccen ruwanka ya zama 0, sannan ka aika ruwa gwajin ICP a ɗakin bincike a duba jan ƙarfe da sauran ƙarafa.